Tambaya: ina iyakar jaridar mako-mako take, kuma me ke shata ta?

Ɗalibar Taswira:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah taimako nake nema. Ina shekarar ƙarshe a sashen labarin ƙasa, to malamin da ke duba furojet ɗina ya ba ni maudu'i wai in yi aiki kan jaridun mako-mako na ƙananan garuruwa, inda suke, inda suke kaiwa, da abin da suke tsinana wa mutanen wurin. Wallahi da farko na ɗauka ya manta sashen da nake ne, na ce masa Malam ai wannan aikin 'yan koyon aikin jarida ne, mu namu koguna ne da duwatsu da ƙidayar mutane, sai ya ce in je in yi tunani, duk abin da yake da inda ya fara da inda ya tsaya to namu ne. Sati biyu kenan maganar nan tana min yawo a ka.

Abin da na kasa ganewa shine, ita babbar jarida ta kullum an san ƙasa duka take nufi, to ita ƙaramar fa, waye ya ce mata daga nan zuwa nan ne naki? Iyakar ƙaramar hukuma take bi ko yaya? Sannan me ya sa kusan dukkansu sati-sati suke fita? Kuma abin da ya fi damuna, yanzu da kowa waya na hannunsa anya ba aiki zan yi kan abin da ya riga ya mutu ba? Ni da gaske nake so in fahimta kafin in fara rubutu, duk wanda ya san wani abu ya taimaka.

Tsohon Edita:

Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki ya san abin da yake yi, ki riƙe shi da kyau.

Na yi shekara goma sha ɗaya a wata ƙaramar jarida mai fita sau ɗaya a mako, mu biyar ne har da yaron da ke kai jarida a babur, kuma in kika tambaye ni abin da ya fi komai daraja a ofis ɗin zan ce miki wani littafi ne mai baƙin bango da muke rubuta kwafi nawa aka kai wane gari, nawa suka dawo ba a saya ba. Duk amsar tambayarki ta farko tana cikin irin wannan littafin. Akwai wani gari a tsallaken kogi, tsakaninmu da su bai kai kilomita goma ba, da daddare ma kana hango fitilunsu, amma in aka kai musu kwafi talatin sai ashirin da biyar su dawo ko igiyar ɗaurin wani lokaci ba a kwance ba. Sannan ga wani gari can kusan kilomita arba'in da mu, su kuma duk abin da aka kai ba ya kwana, har aiko mana suke a ƙaro. Na daɗe ina ɗora laifin kan mai sayarwa na tsallaken, na canza shi har sau biyu, ashe bawan Allah ba shi da laifi ko kaɗan. Mutanen tsallake ba kotunmu suke zuwa ba, ba asibitinmu ake kwantar da su ba, 'ya'yansu ba a makarantunmu suke rubuta jarrabawa ba, hanyar mota ta fi musu sauƙi zuwa wani babban garin daban, to in suka buɗe jaridarmu sunayen baƙi suke gani tun daga shafin farko har na ƙarshe. Su kuwa na nesan kwalta ce ta haɗa mu, komai nasu a garinmu suke yi, alƙalin da muka rubuta labarinsa shi ya yanke wa ɗan uwansu hukunci.

Da aka yi gada a kogin nan, ban yi komai ba, ban ƙara talla ba, cikin shekara biyu kwafin da ke dawowa daga tsallake ya koma bai fi biyar ba. Kin ga gada ta matsar mana da iyaka alhali a taswirar hukuma ko layi ɗaya bai motsa ba.

Maganar sati-sati kuwa lissafi ne kawai. Ƙaramin gari ba ya haifar da labarin da zai cika shafi goma sha biyu kullum, kuma masu ba da tallan da ke cikinsa ba su da ƙarfin biyan talla kullum, in ka ce sai ka buga kowace safiya kuɗin takarda da na maɗaba'a za su cinye ka kafin wata uku. Amma a kwana bakwai an yi zaman kotu, an yi taron majalisar gari, an buga ƙwallo, an haihu, an rasu, wani ya ci jarrabawa, to ka ga abin ya taru. Ni ƙa'idata ita ce kafin mu kai maɗaba'a sai na ƙirga sunayen mutanen da suka fito a bugun, in ba su kai ɗari ba na san ba mu yi aiki ba wannan satin. Ba na manta wata dattijuwa da ta zo ofis ta sayi kwafi shida saboda sunan jikanta ya fito a jerin waɗanda suka ci jarrabawa, a ƙasan shafi na tara da ƙananan baƙaƙe, ita ba ta iya karatu ba, ta ce in ɗora mata yatsa a kan sunan, na ɗora, ta sa farce ta yi alama a wurin a dukkan kwafi shidan.

Malamin Jogirafi:

Baba Edita Allah ya ƙara lafiya, abin da kuka faɗa da littafin nan naku shi masana suka daɗe suna rubutawa. Malama ɗaliba ki nemi aikin Robert Park na jami'ar Chicago, tun 1929 ya yi amfani da yadda jaridu ke yaɗuwa ya auna inda tasirin birni yake ƙarewa, wato inda mutane suka daina sayen jaridar wannan birnin suka koma ta wancan to nan ne ainihin iyakar biranen biyu a rayuwar mutane, ko da hukuma ta ja nata layin a wani wurin. Sai kuma James Rosse, masanin tattalin arziki a jami'ar Stanford, a 1975 ya kwatanta abin da lema a kan lema, babbar jaridar birni ta rufe yanki duka, a ƙarƙashinta akwai jaridun kullum na matsakaitan garuruwa kowacce da tata inuwar, a can ƙasa kuma 'yan mako-mako. Amfanin wannan kwatancen a wurinki shine 'yar mako-mako ba ta takara da babbar jarida kan labarin shugaban ƙasa, abin da babbar ba za ta taɓa sunkuyawa ta ɗauka ba shi take ci.

Amma kar a ce iyakar hukuma ba ta da tasiri, tana da shi sosai, ya danganta da ƙasa. A Amurka in kika ɗora jaridun mako-mako a taswira za ki ga da yawansu a hedikwatar gunduma suke zaune, inda kotu take, kuma dalili biyu ne. Na farko dokokin jihohi sun wajabta a buga sanarwar hukuma, irin gwanjon fili da neman 'yan kwangila da batun haraji, a jaridar da ke yawo a wannan yankin, kuma biya ake yi, to wannan kuɗin shi ya riƙe jaridu da yawa. Na biyu gidan waya, dokar 1792 ta rage wa jaridu kuɗin aikawa, sannan a 1851 aka ce jaridar mako-mako a kai ta kyauta matuƙar a cikin gundumar da aka buga ta ne. Kin ga nan doka ce da kanta ta ce wa jarida tsaya a gundumarki. A Ingila kuma garuruwan kasuwa suka bi, inda mutanen ƙauyukan kewaye ke shigowa sau ɗaya a mako, Berrow's Worcester Journal tana fita a kai a kai tun 1709, Stamford Mercury tun 1712, duka biyun na mako-mako ne.

Wani misalin da zai miki daɗin zanawa shine na hukumar NORLA, wato hukumar gwamnati mai wallafa littattafai da jaridu, a Arewacin Najeriya a shekarun 1950. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita ta Arewa ce duka, to sai aka ga akwai buƙatar kowane lardi ya ji labarin kansa, aka yi Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauchi, Albishir ta Barno, Ardo ta Adamawa. Wannan lema ce a ƙarƙashin lema sak, sai dai daga sama aka shata su bisa iyakar lardi, kuma da hukumar ta tsaya a ƙarshen shekarun nan yawancinsu ba su yi nisan kwana ba. Ni a ganina ki raba jaridun da za ki duba gida biyu, waɗanda hukuma ta shata wa fili da waɗanda hanya da kasuwa suka shata wa, ki ga wanne ya fi jure wahala.

Ɗan Rediyo:

Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Duk wannan tarihi ne mai kyau amma tambayar yarinyar nan ta uku ita ce magana kuma ba wanda ya taɓa ta. Sanarwar rasuwa yau kafin edita ya farka ta zagaye guruf ɗin WhatsApp goma, sakamakon ƙwallo ana tashi daga fili yana Facebook, mai neman sayar da mota ko gida ba ya jiran sati ya zagayo, to me ya rage mata? Ga rediyo kuma, wanda bai iya karatu ba yana ji, wanda ke gona yana ji, kuma ba ruwansa da kogi ko gada. Kuma Baba Edita da girmanku amma a faɗi gaskiya, ƙaramar jarida ta fi kowa tsoro, editan ya san shugaban majalisa, mai babban shagon da ke ba shi talla surukin wani ne, sanarwar hukumar ma da Malam ya ce ita ke riƙe su ai igiya ce a wuya, ranar da ka taɓa mai ba ka ita sai ya kai wa wani. Sau nawa muka ga irin jaridun nan ba komai a ciki sai hoton manya suna yanke kyalle. Ni ban ga abin kuka ba in sun tafi.

Maman Ilham:

Ɗan uwa Ɗan Rediyo rabin maganarka gaskiya ce, musamman ta talla, ƙananan tallace-tallacen nan na haya da sayar da kaya su ne jinin jaridun kuma intanet ta zuƙe su, wannan ba mai musu. Amma ka ce ba abin kuka, a nan ne ban yarda ba sam, domin an riga an ga abin da ke faruwa a inda suka tafi ɗin.

Jami'ar Northwestern a Amurka tana fitar da rahoto duk shekara kan wannan, a na 2024 sun ce tun daga 2005 jaridu sama da 3,200 sun rufe, fiye da kashi ɗaya cikin uku kenan, kuma mafi yawansu 'yan mako-mako ne, har yanzu kuma ana rasa sama da biyu duk sati. Gundumomi sama da 200 ba su da wata kafar labarai ta gida ko ɗaya, wasu sama da 1,500 guda ɗaya tak ta rage musu. Suna kiran irin wuraren nan hamadar labarai, kuma ƙanwata ga jogirafi nan tsantsa, domin hamadar ba ko'ina ta faɗa daidai ba, ta fi cin yankunan karkara da na talakawa, su unguwannin masu kuɗi ko jarida ta mutu sai wani ya buɗe musu shafi a intanet saboda akwai mai biya. A Ostireliya ma a 2020 kamfanin News Corp ya daina buga ƙananan jaridu sama da 100 a lokaci guda.

To me ake rasawa? Ka ɗauki garin Bell a jihar Kalifoniya, mutanensa wajen 35,000 ne yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, shekara da shekaru ba ɗan jaridar da ke zuwa zaman majalisar garin, sai a 2010 Los Angeles Times ta tono cewa manajan garin yana karɓar kusan dala 800,000 a shekara, wajen ninki biyu na albashin shugaban ƙasarsu. Mutanen Bell suna da waya, suna da rediyo da talabijin, amma ba wanda aikinsa ne ya je ya zauna awa uku a ɗakin taro ya nemi takardar kasafin kuɗi ya karanta. Guruf ɗin WhatsApp yana yaɗa abin da wani ya riga ya gano ne, in ba mai ganowa sai jita-jita ta cike gurbin. Akwai ma binciken wasu masana harkar kuɗi uku da ya fito a 2018 da ya nuna in jaridar gari ta rufe, ruwan da hukumar garin ke biya in ta ci bashi yana ƙaruwa, su masu ba da bashin sun san ba mai sa ido.

Maganar tsoro kuma akwai matsorata akwai jarumai kamar kowane aiki. Jaridar Storm Lake Times a jihar Iowa, a 2017 sau biyu take fita a mako, kwafinta wajen 3,000 ne a lokacin, amma editanta Art Cullen ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a shekarar saboda ya tsaya kan manyan kamfanonin noma a rikicin gurɓata ruwan kogi, a yankin da kowa da noma yake ci. Marion County Record a jihar Kansas 'yan sanda suka kai mata samame a 11 ga Agusta 2023 suka kwashe kwamfutoci da wayoyi, mahaifiyar mai jaridar 'yar shekara 98 ta rasu washegari, amma ba su fasa fitowa a satin ba. Wadda ta fi taɓa min zuciya kuma ita ce Khabar Lahariya a Indiya, matan karkara ne suka fara ta a 2002 a gundumar Chitrakoot da yaren Bundeli da manyan jaridu ba sa kulawa da shi, shafi takwas, su rubuta su kai ƙauyuka da kansu, labarin famfon da ya lalace da hanyar da aka ci kuɗinta, UNESCO ta ba su kyauta a 2009, daga baya suka koma bidiyo a waya kuma ba su bar ƙauyukan ba. Ita wannan iyakarta yare ne ya shata, ki ƙara shi a lissafinki bayan hanya da hukuma.

Tsohon Edita:

Ɗana Ɗan Rediyo ba zan ƙaryata ka ba. Akwai labarin da na riƙe sati uku a aljihun tebur saboda wanda abin ya shafa shi ke da tallan shafin baya gaba ɗaya, kuma albashin mutum huɗu yana kan wannan shafin, daga ƙarshe na buga, ya janye tallan, wata biyar muna fita da shafi takwas maimakon sha biyu, amma sati ukun nan da na yi shiru har yau yana cina, domin a cikinsu wasu mutane sun ƙara zuba kuɗinsu a abin da na riga na san ruɓaɓɓe ne. Edita a babban birni in ya rubuta a kan mutum ba zai haɗu da shi ba, ni kuwa da safe zan gan shi a hanyar kai yara makaranta. Sai dai wannan kusancin shi ne kuma ya sa ba ka isa ka yi ƙarya ba, in ka rubuta sunan mutum ba daidai ba kafin azahar yana bakin ƙofa da jaridar a hannu.

Abin da Maman Ilham ta faɗa na zaman majalisa shi ne zuciyar aikin. Sau da yawa a ɗakin taron nan kujerun jama'a duk babu kowa sai ni kaɗai da biro, kuma na sha ganin an zo kan wani batu sai wani ya waiwayo ya kalle ni ya ce a ɗage shi zuwa zama na gaba. Ingila ma sun gane haka, shi ya sa a 2017 BBC ta amince ta riƙa biyan albashin 'yan jarida kimanin 150 da ake ajiyewa a ƙananan jaridu, aikinsu kawai su halarci zaman majalisun garuruwa. Ni ba takardar nake wa kuka ba, in a waya za a yi a yi, amma a samu wanda ake biya ya zauna a kujerar nan. Sannan ajiya, har yau mutane na nemana kan rikicin fili ko ranar da aka buɗe wata makaranta, in buɗe musu tsofaffin bugu da na ɗinke shekara-shekara su ɗauki hoto, saƙon guruf na shekara biyar baya kuwa in wayar ta faɗa ruwa shikenan.

Ɗalibar Taswira:

Kai Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi yanzu na ga inda zan kama. Abin da nake tunani in zana taswira biyu in ɗora su kan juna, ɗaya iyakar hukuma ɗaya inda jaridar ke kaiwa da gaske, sai in nemi dalilin duk wurin da suka saɓa, hanya ce ko kogi ko yare ko kotu. Yaya Ɗan Rediyo maganarka ma zan sa ta babi guda, zan tambayi mutane inda suke jin labarin majalisar garinsu yanzu. Baba Edita tambaya ɗaya ta rage, in jaridar da na zaɓa ba su da irin littafin nan naku ko suka ƙi nuna min fa, yaya zan yi in gano iyakarta?

Tsohon Edita:

Ki samu bugun wata shida a jere, ki ɗauki fensir, duk sunan gari ko unguwa da ya fito ki yi masa ɗigo a taswira, na cikin labari da launi ɗaya, na cikin talla da wani launin, na sanarwar rasuwa da na uku. Na rasuwar su za ki fi yarda da su, domin ba wanda ke kai sanarwar mahaifinsa jaridar da makwabtansa ba sa karantawa. In kin gama ki nemi wanda ke kai musu jarida, ba editan ba, ki roƙe shi ki bi shi rana ɗaya tun daga maɗaba'a har inda yake sauke ɗaurin ƙarshe ya juyo, ki rubuta sunan wurin da ƙarfe nawa kuka isa.